Fulogi na Uku

Auta ya taka totur har ƙasa, motar ta ɗan tsuguna ta baya sannan ta zabura. Mahaifinsa, wanda kowa ke kira Mai Kunne, yana kujerar gefe, ido a runtse, tafukansa biyu dafe da murfin kunnen da ke kansa. Daga murfin wani siririn tiyo ya fita, ya bi ta huji a gaban ƙafarsa, ya je ya haɗu da guntun bututun jan ƙarfe da aka ɗaure a jikin inji da noti. Shi ya ƙera abin da hannunsa shekara takwas da suka wuce. Duk abin da inji ke faɗa a cikinsa, ta nan yake isowa kunnen tsohon.

A kujerar baya babbar 'yarsa ce, wadda masu tsere suka laƙaba wa Injiniya, da kwamfuta a cinya, an jona ta da ƙwaƙwalwar motar. Allurar agogon inji na haye dubu uku da ɗari biyar, ƙwaƙwalwar ta buɗe wa iskar naitiros, mai ƙara wa inji ƙarfi, hanya daga kwalbar da ke cikin but. Motar ta yi wani yunƙuri kamar an hankaɗo ta daga baya, tsohon filin jirgin da ƙungiyar masu tsere ke haya ya riƙa naɗewa a ƙarƙashinsu.

Ƙa'idarsu ɗaya ce. Idan Mai Kunne ya ji inji na ƙwanƙwasa, zai ɗaga yatsu biyu, Auta kuma ya ɗage ƙafa nan take, ba tambaya.

Bai ɗaga ba. Suna wuce layin ƙarshe Auta ya kashe inji, motar ta gangara shiru har gaban rumfarsu.

Injiniya ta leƙo ta tsakanin kujeru, daidai kafaɗar mahaifinta ta hagu. "Baba, yaya?"

Ya zare murfin kunnen a hankali. "Tsaf," ya ce.

"Kai!" Auta ya daki sitiyari. Mutum ne mai gemu, uban tagwaye, amma in ya yi murna sai ka ce yau ya fara hawa keke. "Yaya, kin ji ko? Digiri biyun nan sun zauna. Yau a tsere Dogon nan mai kayar da ni kullum zai san launin fitilar bayana."

"Ka bari ka ci tukuna, sarkin cika baki," in ji ta. Amma ita ma murmushi take yi tana adana lambobin.

Digiri biyun nan su ne aikin safiyar gaba ɗaya. Iskar naitiros ba ta da haƙuri. Da ta shiga inji wuta ke ƙaruwa, dole ƙwaƙwalwa ta ƙara fetur, ta kuma jinkirta tartsatsin fulogi kaɗan. In jinkirin ya yi yawa, mota ta yi sanyin jiki. In aka rage shi fiye da kima, fetur ya riƙa fashewa kafin lokacinsa yana dukan kan fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin inji, shi ne ƙwanƙwasa. Akwai wata 'yar na'ura da motar ta zo da ita don jin wannan, amma tun da aka mai da injin na tsere hayaniya ta yi mata yawa, komai ta ji sai ta yi ihu. Injiniya ta kashe ta tuntuni. In aka tambaye ta, takan nuna mahaifinta da haɓa ta ce, "Ina da wadda ta fi ta, kuma ba ta cin batir."

Yau da safe ta rage jinkirin da digiri biyu, kuma Baba ya ce tsaf.

Ita da Auta suka tafi wajen magatakardan ƙungiya don a rubuta su a tseren la'asar, suna tafe suna musu a kan wanda ya manta da gorar ruwa a gareji. Mai Kunne ya buɗe bonet, ya shimfiɗa tsumma mai tsabta a kan benci. Aikinsa ne na kullum bayan kowane gwaji: a kashe inji a ƙarshen gudu, kada a sake tayar da shi, a kwance fulogai a duba su da zafinsu. Ya jera su yadda suke a inji, ya sa tabarau, ya ɗauko madubin ƙara girma daga aljihun gaba.

Na ɗaya lafiya, launin toka mai ɗan ja. Na biyu haka. Da ya ɗaga na uku ya juya shi wajen haske, sai hannunsa ya tsaya.

A kan farin tangaran ɗin akwai ɗigo-ɗigo baƙi, kamar an barbaɗa barkono. A tsakaninsu kuma wasu 'yan ƙanana masu ƙyalli kamar azurfa. Ya goge madubin da bakin riga ya sake dubawa. Suna nan. Shekara arba'in da ɗoriya yana karanta fulogi, tun kafin ya iya karanta sunansa. Baƙin, shaidar ƙwanƙwasa ce. Mai ƙyallin kuwa, kan fistin ne ya fara zubar da fata.

Injin ya yi ƙwanƙwasa. Ya yi ta a cikin tiyo, a cikin murfin da ke kan kunnensa, shi kuwa yana zaune ido rufe bai ji komai ba.

Ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Ba zai ce abin ya zo masa ba zato ba. Tun bara ya daina jin ƙas-ƙas ɗin sigina, har wata rana ya tuƙa daga gida zuwa gareji tana kunne, direbobi na yi masa alama yana ɗaga musu hannu, a tsammaninsa gaisuwa ce. Ya daina jin fiton butar shayi. Ya daina jin awarwaron matarsa, wanda da shi yake gane ta doso tun daga tsakar gida. Kunnen dama ya riga ya sallama. Amma na hagu yana jin mutane, yana jin rurin inji, shi ya sa ya riƙa gaya wa kansa cewa inda aka fi buƙatarsa yana nan. Ya manta, ko ya ƙi tunawa, cewa ƙwanƙwasa siririyar ƙara ce, dangin fiton buta ce ba dangin ruri ba.

Kuma ya san abin da ke biyo baya. Ya taɓa gani a wannan filin. Fistin ya fashe ana dab da layin ƙarshe, ya huda inji, baƙin mai ya kwarara ƙarƙashin tayoyi, motar ta juya sau uku. Direban ya rayu, amma har yau da sanda yake zuwa kallo.

Ya hango 'ya'yansa suna dawowa. Ya naɗe fulogi na uku a cikin hankici ya sa a aljihu, ya lulluɓe sauran da gefen tsumma.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ta, bai taɓa kama shi ba. "Ki mai da digiri biyun nan inda suke."

Ta zagayo ta hagunsa ta tsaya. "Me ya faru, Baba?"

"Rana. Kafin la'asar kwalbar nan za ta sha zafi, ƙarfin iskar ya hau."

"Ai na yi wa wannan tanadi. Ga jiƙaƙƙen tawul a kanta, kuma na gaya wa ƙwaƙwalwa in matsin ya wuce layi kada ma ta buɗe."

"Haba Baba," in ji Auta, "kai da bakinka ka ce tsaf. Digiri biyun nan su ne tsakanina da Dogo. Sau uku yana wuce ni. Ranar nan har tambayata ya yi wai ko motar makarantar koyon tuƙi na aro."

"Gaskiya ya faɗa," in ji Injiniya, "yadda kake canza giya kamar mai tsoron kada ta ji ciwo."

"Ke dai kya faɗa, tunda a baya kike zama kamar uwargidan mai kamfani."

Ta yi dariya, sannan ta dubi mahaifinta da kyau. "To Baba, in hankalinka bai kwanta ba, ga shawara. In mai da digiri ɗaya. Ƙarfe biyu za a sake buɗe fili don gwaji, mu fita ka saurara. In ka ce tsaf, shi ke nan, har mataki na biyu zan buɗe masa a giya ta uku, iskar ta ƙaru. Ba abin da zan taɓa sai da kunnenka."

Ta faɗa ne don ta faranta masa. Ya gyaɗa kai, ya ce bari ya je ya yi alwala.

Bayan ya idar da salla bai koma rumfa ba. Ya shiga tsohuwar akori-kurarsu da suka jawo kaya da ita, ya zauna ya bar ƙofa a buɗe. Dabararsa ba ta yi ba. Ko da ta yarda ta mai da digiri biyun yau, akwai mako mai zuwa, akwai motocin mutane da ke jere a gareji suna jiran a daidaita musu ƙwaƙwalwa, kowanne mai ita ya zo ne don an ce masa a can akwai tsohon da inji ba ya ɓoye wa komai. Za su ci gaba da ɗora masa murfin, shi kuma ya ci gaba da cewa tsaf.

Kuma in ba kunnen, me ya rage? Tun da motoci suka koma na kwamfuta, garejin ya zama na Injiniya a aikace. Ita ke magana da ƙwaƙwalwa, Auta ke ɗaga inji. Shi abin da yake kawowa, wanda ba mai iya kawowa, shi ne waɗannan daƙiƙu goma sha biyu da yake rufe ido a kujerar gefe.

Ya ciro waya don duba lokaci, ya tarar da kira bakwai da bai ɗauka ba, duk na matarsa. Ya kira, ya manna wayar a kunnen hagu sosai.

"Malam, wayar nan a aljihunka take ko a rijiya?"

"Hayaniyar motoci ce."

"Kullum hayaniyar motoci, har a ɗaki. To ka ji, muna tafe da matar Auta da tagwaye. Tun asuba suka hana kowa sakat. Sun zana motar ubansu a kwali, da kai a ciki, sun yi maka kunnuwa kamar na zomo. Ka samo mana inuwa kusa da layin ƙarshe, wai so suke su ga lokacin da zai ci."

"To," ya ce.

"Lafiya dai? Muryarka wani iri."

"Lafiya lau. Ku taho a hankali."

Ya ajiye wayar a kan kujera. Kusa da layin ƙarshe. Daidai inda inji ke kai maƙura, inda waccan motar ta juya. Ya ɗan jima yana kallon hannuwansa, sannan ya sauko.

Ya same su a rumfa, Auta na goge hular kwano, Injiniya na sunkuye kan kwamfuta. Ya yaye tsumman, ya warware hankicin, ya ajiye fulogi na uku a gurbinsa tsakanin na biyu da na huɗu. Ya miƙa wa 'yarsa madubin.

"Duba wannan ki gaya mini abin da kika gani."

Ta ɗauka ta juya shi. "Akwai baƙin ɗigo-ɗigo. Da wani abu mai ƙyalli." Ta ɗago. Ta san ma'anarsa, shi ya koya mata. "Baba, wannan na gwajin ɗazu ne?"

"Na ɗazu ne."

"Amma ka ce..."

"Na ce. Ba don babu ba, Uwata. Ban ji ba ne." Ya dube ta ido da ido. "Zancen rana da na kawo miki, kewaye-kewaye ne. Kunnen ne ya tafi. Ya daɗe yana tafiya, ni ne ban faɗa ba."

Auta ya ajiye hular a hankali. Can gefe wani yana ta zuga injinsa, hayaƙi na tashi. Injiniya ta zauna a kan tayar da mahaifinta ya zauna ɗazu, fulogin a tafinta.

"Na san kunnen dama ya tafi," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, har sai da ya matso ya karkata kai. Ta lura, ta ɗaga murya. "Na san na dama tun bara. Shi ya sa kullum nake zagayowa hagu. Na ɗauka na hagun yana nan. Da na tambaye ka. Tsoro na ji kada ka ji kunya, sai na yi shiru, na kuma ɗora ƙanina a kan shirun."

Sai a lokacin ya tuna. A gareji, a mota, a wajen cin abinci, ko'ina ta hagunsa take ɓullowa, kamar dai hanya ce ta biyo da ita. Shekara guda ke nan, bai taɓa lura ba.

"Na hagun yana jin mutane," ya ce. "Siririn abin ne ya daina ji."

Auta ya share ido da bayan hannu, ya yi gyaran murya. "Wato duk zagin da nake yi wa Dogo a gabanka ba ka ji ba? Alhamdu lillahi."

"Kai, wannan muryar taka ko a ƙarƙashin ƙasa nake zan ji ta. Har da wanda ka yi wa kakarsa, baiwar Allah da ba ta san ana tsere ba."

Suka yi dariya su uku, irin wadda ake yi da jiƙaƙƙen ido.

"Bari in je in ce a cire sunanmu," in ji Injiniya.

"Tsaya tukuna," in ji Mai Kunne. "Auta, kawo ma'aunin matsi."

Suka auna silinda huɗun, wato gidajen fistin, ɗaya bayan ɗaya. Ta ukun ba ta gaza 'yan'uwanta ba. Mai Kunne ya leƙa ta ramin fulogi da 'yar tocila, ya daɗe yana dubawa. "Ƙujewa ce kawai, bai ci ciki ba. Gudu ɗaya ya yi a haka. Ki mai da digiri biyun, ki ƙara biyu a kai. Mataki na biyu kuwa a manta da shi yau."

"Digiri huɗu?" Auta ya dafe kai. "Ai Dogo sai ya tsaya ya sha shayi a hanya ya kuma riga ni."

"Ya sha. Kai dai ka dawo wa tagwaye da ƙafafunka biyu."

"Ko da huɗun," in ji Injiniya, "ba zan saki motar nan ba sai an saurare ta."

"Za a saurare ta." Ya ɗauko murfin kunnen daga kan kujera ya miƙa mata.

Ta ja da baya. "Baba, ban iya ba. Ni lambobi na sani. Ban taɓa jin ta ba ko sau ɗaya."

"Don ban taɓa ba ki ba ne. Laifina ne wannan ma." Ya ɗora mata shi da kansa, ya rage tsawon ƙarfen don ya zauna a kanta, ya gyara mata ɗankwali ta gefen kunne. Fatar murfin ta lotsa daidai fasalin kansa, tana ƙanshin man gashinsa. Ya ɗaga gefe ɗaya don ta ji shi. "Za mu rufe kwalba, ba iska. Auta zai sa giya ta huɗu yana tafiya a hankali, sannan ya taka gaba ɗaya. Za mu matsa wa tartsatsin da gangan har ta yi magana. Daƙiƙa ɗaya ba ta ɓata komai in ba naitiros. Kada ki saurari rurin, bar shi ya wuce. A can samansa za ki ji wani abu kamar an jefa tsakuwa uku a gwangwanin madara ana girgizawa. In kin san ta yanzu, za ki gane ta ƙarfe biyu. Kuma ki rufe ido. Mai kallon lambobi ba ya ji."

"To wa zai riƙe kwamfutar?"

Suka dubi juna. Auta ya ɗaga hannuwa. "Ni da sitiyari aka haife ni."

Haka Mai Kunne ya samu kansa a kujerar baya, karon farko a shekara takwas, kwamfuta a cinya, tabarau a karan hanci. Allon cike yake da ƙananan gidaje masu launi, kowanne da lamba. Injiniya ta durƙusa a bakin ƙofa, ta hagunsa, ta kama yatsansa ta ɗora a kan maɓalli.

"Wannan layin kawai. Kibiya ta sama, ka ƙara digiri ɗaya. Ta ƙasa, ka rage. Karanta mini abin da ke nan."

Ya matso da fuska. Yana da shekara hamsin da biyar ya shiga ajin koyon karatu na manya, ita kuma tana shekarar ƙarshe a sakandare. Tebur ɗaya suke yin aikin gida. Lamba takwas ce ta fi ba shi wuya, kullum sai ta kwanta masa, har sai da ta riƙe hannunsa suka zana ta tare, sau hamsin ko fi.

"Goma sha takwas," ya karanta.

"Daidai. Duk sanda Auta ya taka, ka ƙara ɗaya. In na ɗaga hannu, ka dawo da ita sha takwas."

Suka mai da fulogai, suka fita ta hanyar gefen fili, inda ba kowa. Auta ya sa giya ta huɗu, motar na tafiya kamar mai jin barci. Ya taka. Injin ya yi gurnani, Injiniya ba ta motsa ba. Sha tara. Ya sake takawa. Shiru. Ashirin. Mai Kunne na kallon ƙeyarta, da yadda ta dafe murfin da tafuka biyu, ta ɗan karkata kai hagu. Bai san haka yake yi ba sai da ya gani a jikinta.

Ashirin da ɗaya. Auta ya taka.

Kafaɗunta suka ɗaga. Yatsu biyu suka tashi sama.

Auta ya ɗage ƙafa. Mai Kunne ya danna kibiyar ƙasa sau uku, yana ƙirgawa da leɓe, ya tabbatar takwas ɗin tana tsaye. Motar ta gangara ta tsaya a gefen ciyawa. Can bakin ƙofar fili wata tasi tana sauke mata biyu da yara biyu riƙe da kwali.

Injiniya ta zare murfin ta juyo, idanunta a buɗe sosai. "Na ji ta, Baba! Wallahi na ji ta!"

Shi bai ji komai ba sai gurnani. Shekara arba'in yana farautar wannan ƙarar, yana ƙin ta kamar maƙiyi. Ya rufe kwamfutar rabi, ya matso gaba, ya kawo kunnensa na hagu kusa da bakinta.

"Yaya take?" ya ce. "Faɗa mini a hankali."